Mun Ce Su Yi Karatu, Wa Ya Nuna Musu Yadda Ake Yi?

Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin makarantun sakandare na je-ka-ka-dawo da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya fama da yara? Allah Ya ba da lada. Ni malamin aji ne, shekarata 19 ina riƙe da alli, ina koyar da Bayoloji a babbar sakandare. Ni kuma uba ne, ina da 'ya da za ta zana jarrabawar fita a bana. Saboda haka duk laifin da zan ambata a wannan takarda ina da kaso a ciki, ta ɓangaren malamai da ta ɓangaren iyaye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne taron iyaye da malamai da muka yi a ƙarshen zangon da ya wuce. Mun shafe kusan awa uku a kan katangar da ta rushe da damina, da kuɗin rajistar jarrabawa, da batun wanda zai riƙe ma'aji. Ana dab da tashi wani dattijo ya miƙe ya ce, "Gaskiyar magana, yaran yanzu ba sa karatu." Kowa ya gyaɗa kai. Aka ce iyaye su sa ido, malamai su ƙara ƙoƙari, aka shafa fatiha aka watse. Na ɗaga hannu sau biyu, lokaci bai kai kaina ba. To ga abin da na so in faɗa.

Akwai wata yarinya da na koyar a aji biyu na babbar sakandare, ba zan faɗi sunanta ba. A layin gaba take zama. Littafin rubutunta ya fi na kowa tsabta, kanun darasi da jan biro, sauran da shuɗi, ta ja layi da rula a ƙarƙashin duk kalmar da na nanata. Muka yi gwajin tsakiyar zango ta ci 31 cikin 100. Ta same ni a ofishin malamai idonta ya kaɗa, ta ce, "Wallahi Malam na yi karatu. Sau huɗu na karanta daga farko har ƙarshe, ranar ƙarshe ma ban yi barci ba." Na yarda da ita, don ba yarinya ce mai ƙarya ba. Na karɓi littafin na kife shi a kan tebur, na ce, "To gaya mini, in jini ya fito daga zuciya, ta ina yake bi ya je huhu, kuma ta ina yake dawowa? Da Hausa ma ya isa." Ta buɗe baki, ta rufe. Ta kalli silin. Ta fara, ta kakare. Da na buɗe mata shafin, kafin ma ta karanta layi biyu sai ta ce, "Au! Ai na san wannan!"

Ba ta san shi ba. Ta shaida shi ne kawai, kamar yadda za ka gamu da mutum a kasuwar Rimi ka rantse ka san fuskar nan, amma a ce faɗi sunansa ka tsaya kana sosa ƙeya. Maimaita karatu ido a kan takarda fuskar darasi yake sa ka saba da ita. Ranar jarrabawa kuwa suna ake tambaya, kuma takardar ba ta nan.

Wannan yarinya ba raguwa ba ce, kuma irinta sun fi ragwaye yawa a ajina. Tun tana firamare ake ce mata "ki yi karatu", a gida a faɗa, a makaranta a faɗa, a wajen taron safe a faɗa da bulala a hannu. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata me ake nufi da yin karatun. Mun koya mata sassan fure da sunayen ƙasusuwa, ba mu koya mata yadda ake sa abu ya zauna a ka ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, ranku ya daɗe, wannan ilimi muna da shi a gida. Yawancinmu mun bi ta makarantar allo. Ina tuna zauren malaminmu, Allah Ya jiƙansa, yana zaune a kan buzu, carbi a hannu, kamar mai gyangyaɗi. In ka ga karatunka ya nuna, sai ka je ka durƙusa ka miƙa allo. Shi kuma sai ya juya rubutun ya fuskance shi, kai kana kallon bayan allo, ya ce, "Kawo." In ka yi tuntuɓe sau ɗaya zai ɗora ka, in ka sake sai ya miƙo maka allonka ba tare da ya ɗaga kai ba: "Bai zauna ba, koma." Ba ka isa ka wanke ba sai ka bayar da ka. Ƙarin da zai yi maka kuma daidai cikinka ne, aya uku ko biyar, ba ya ɗora maka sumuni guda don yana sauri ya kai ka sauka. Ga kuma tishi, wanda ba a wasa da shi. Abin da ka wanke makon jiya da wanda ka wanke watan jiya duk suna nan suna jiran ka, da asuba ko da dare a bakin wutar kara. Alarammomi ba su taɓa yarda cewa abin da aka haddace ya zauna ke nan har abada ba. Suna riƙe da hadisin da ya ce a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Wanda ya yi karatun zaure kuma zai tuna Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, littafin da aka wallafa kimanin shekara 800 da suka wuce. A ciki malamin ya ba ɗalibi lissafi ƙarara: ya maimaita darasin jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, na gabansa sau uku, sai sau biyu, sai sau ɗaya. Wato kowace rana ɗalibi yana taɓa darussan kwana biyar, ba ya barin ko ɗaya ya huce.

Masu binciken ƙwaƙwalwa a Turai da Amurka sun zo daga baya sun auna wannan abu da alƙaluma. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya fitar da sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya gano cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take faruwa, daga nan sai ta lafa, kuma duk lokacin da aka koma aka yi bita, abin yana ƙara daɗewa kafin ya gudu. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi zama huɗu suna karanta shi. Wasu suka yi zama ɗaya na karatu, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suke iya tunawa. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun riƙe kusan kashi 40 cikin 100, masu rufe takarda su tuno sun riƙe kusan kashi 61. Wani abin dariya, da aka tambaye su tun farko wa yake ganin zai tuna, masu maimaitawar ne suka fi bugun ƙirji. Yarinyar nan tawa ke nan sak.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a haddace Bayoloji kamar Fatiha ba. Alƙur'ani lafazinsa ake kiyayewa, wasali ɗaya ba ya canzawa. Darasin boko kuwa ma'anarsa ake nema, kuma hadda irin ta aku ita ce ma ciwonmu na biyu. Ina da yaran da za su rero maka ma'anar kalma da Turanci tiryan-tiryan, ka ce su ba ka misali ɗaya daga tsakar gidansu su yi tsuru-tsuru. Abin da nake so mu aro daga tsangaya shi ne juya allon nan. Yaro ya rufe littafi, ya faɗi abin da ya gane da bakinsa, da Hausa in ta fi masa sauƙi, sa'an nan ya mayar da shi Turancin da za a tambaye shi da shi. Wanda ya iya bayyana wa ƙanensa dalilin da ya sa zogale yake yaushi in an zuba masa gishiri ya fi wanda ya haddace sakin layi guda bai san inda ya dosa ba.

Yau shekara uku ke nan ina ware minti goman farko na kowane darasi don wannan. Ina shiga aji kowa ya san littafi a rufe, a jaka. Sai su yagi falle ɗaya, in rubuta tambaya biyar a allo: biyu daga darasin da ya gabata, biyu daga makon jiya, ɗaya daga watan jiya. Ba na ba da maki, ba na dukan wanda ya faɗi, sunansa ma ba na so a kan takardar. In sun gama su yi musaya da na kusa, a buɗe littafi a gyara. Makonnin farko sun tsane ni. Har wata uwa ta aiko a ce mini na cika takura wa yara da jarrabawa kullum. Dalili kuwa a fili yake: karanta abin da ke gabanka yana da daɗi, yana sa ka ji kamar ka iya, amma tono abu daga ka wahala ne, kuma yana tona maka asirin abin da ba ka sani ba. To gara asirin ya tonu a watan Nuwamba a gabana da ya tonu a watan Mayu a gaban mai sa ido.

Minti goma na malami ɗaya ba ya isa, shi ya sa na zo gare ku.

Ku duba yinin ɗan je-ka-ka-dawo. Ya fita da bakwai da rabi, ya dawo wajen biyu, rana ta dafa shi. Ya ci abinci in akwai, ƙarfe huɗu yana Islamiyya har shida. Bayan Magariba wasu suna da makarantar dare, wasu suna shagon uba ko wajen koyon ɗinki ko gyaran waya. In mace ce, ga wanke-wanke, ga tuwon dare, ga goyon ƙani, wata ma ga talla. Ku nuna mini a cikin wannan yini inda aka ce, nan wurin karatunka ne, ba mai taɓa ka. Mu da muka yi makarantar kwana muna da firef, na yamma da na dare. Ana kaɗa ƙararrawa kowa ya nufi aji, ko kana so ko ba ka so, malamin da ke kan aiki yana zagayawa da tocila. Ba wai mun fi yaran yanzu hankali ba ne. An gina mana lokaci ne aka kewaye shi, har zama ya zame mana jiki. Da makarantun je-ka-ka-dawo suka yawaita, sai muka ɗauko manhajar muka bar firef ɗin a can.

Roƙona na farko gare ku, shugabannin makarantu, ku dawo da shi cikin jadawali. Ko minti 40 ne, ko sau uku ne a mako. Amma da sharaɗi: ba lokacin da malami zai zo ya ƙarasa manhajar da ta sha masa kai ba ne, ba kuma lokacin kwafar rubutu ba. Lokaci ne na rufe littafi a tuno, a tambayi juna bibbiyu, a warware tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Kuma a makon farko na kowace shekara a zaunar da 'yan aji ɗaya a nuna musu yadda ake yi, a aikace, kamar yadda ake nuna musu inda banɗaki yake da inda ake taron safe.

Na san za a ce ina lokacin yake, manhaja ta yi yawa. Bari in faɗi inda lokacin yake tafiya, ko da abokan aikina za su ji haushina. Yana tafiya wajen kwafa. Aji mai yara 90, littafin karatu bai fi a hannun mutum goma ba, sai malami ya miƙa wa monita tsohon littafinsa ya ce ya rubuta a allo, shi kuma ya koma inuwa. Yara su yi minti 40 hannu yana aiki, kai yana hutawa. Na yi wannan, ba sau ɗaya ba, musamman a ƙarshen wata in aljihu ya bushe zuciya ta yi nauyi. Yaro ya cika littafi uku a zango, uba ya duba ya ga rubutu ya ce madalla ana karatu. Ku shugabannin iyaye, da za ku ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa a riƙa buga taƙaitaccen darasi a takarda ana raba wa yara, ko mutum biyu su haɗa ɗaya, da rabin lokacin nan ya dawo hannunmu. Kuɗin bai kai na fentin ƙofar makaranta da muke sabuntawa duk shekara don baƙi ba.

Sai maganar waya, wadda na san ita kowa yake jira. Ba zan tsaya tsine mata ba, don a cikinta 'yata take samun tambayoyin shekarun baya, kuma tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, yaron da bai saba da latsa na'ura ba ya shiga da rauni. Amma hankali ba ya rabuwa biyu. Wanda yake karatu waya tana gefensa tana ƙyalli, duk saƙon da ya shigo sai ya ɗauke shi, in ya dawo kuma sai ya nemi inda ya tsaya. Ya yi awa biyu a zaune, karatun cikinta bai kai na minti ashirin ba. Wasu masu bincike biyu, Beland da Murphy, sun bi sakamakon makarantu 91 a birane huɗu na Ingila, suka ga sakamakon jarrabawa ya ɗaga bayan an hana waya, kuma yara masu rauni ne suka fi amfana, masu ƙoƙarin can sama kusan ba abin da ya canza musu. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, Holan ta bi sahu a farkon 2024.

Sai dai mu tamu matsalar ba a aji ta fi yawa ba, don yawancin makarantunmu sun riga sun hana. A gida take, kuma da dare. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da araha, daga sha ɗaya ko sha biyu zuwa asuba, yaro kuwa da ɗan canjinsa ita yake iya saya. Sai ya ja bargo ya rufe kai, uwa ta leƙo ta ga ɗaki duhu ta ce ya yi barci, shi kuwa yana TikTok har biyun dare. Wani kuma yana gidan kallon ƙwallo, wasan Zakarun Turai da aka fara da tara bai tashi ba sai wajen sha ɗaya, a tsaya musu a bakin titi har sha biyu. Ƙarfe biyar an tashe shi sallah. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. Waɗannan sun samu uku zuwa biyar. Da safe in ina bayani ina ganin su, ido a buɗe, mutum ba ya nan. Mu kuma mu ce ba ya mayar da hankali, a fitar da shi a sa shi kamun kunne.

A gidana na kafa doka cewa ƙarfe tara da rabi kowace waya ta zo ɗakina ta kwana. Kwana uku da farawa, ina kishingiɗe ina bin muhawarar siyasa a WhatsApp wajen sha ɗaya, 'yar tawa ta zo wucewa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ita taka a wane ɗaki take kwana?" Mahaifiyarta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ban ji daɗi ba a lokacin, amma yarinyar ta fi ni gaskiya. Yanzu tawa ma a cikin kwandon take kwana, sai dai na bar ƙararta a buɗe saboda larura.

Barcin nan ba hutu kawai ba ne. A cikinsa ƙwaƙwalwa take jera abin da aka zuba mata da rana ta adana. Shi ya sa al'adar kwanan zaune a daren jarrabawa take ba ni tsoro: yaro ya jiƙa Nescafe mai kauri, ya tauna goro, ya tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi wai kada barci ya ɗauke shi. Wasu har abokai su kai su ga ƙwaya, daga nan kuma an buɗe wata ƙofar da rufe ta sai an sha wuya. Ya shiga ɗakin jarrabawa kai yana sarawa, abin da ya cusa da daddare ya tsiyaye kafin ya gama cike sunansa. Da ya raba wannan awa shidan a kan kwana goma sha biyu, rabin awa kullum, da ya fi masa nesa ba kusa ba. Kuma muna da lokacin da ya fi kowanne albarka, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikinsa, wato sammako. Bayan sallar asuba gari shiru, iska da sanyi ko a watan Afrilu, ba a bukatar wutar Nepa sosai don gari yana wayewa. Amma wanda ya kwanta ƙarfe biyu ba shi da asuba.

Iyaye mata, gare ku nake da roƙo na musamman, kuma ina yin sa da ladabi don na san nauyin da ke kanku. Ku ba yarinya awa ɗaya a yini wadda ba aike a cikinta. Tsakanin Magariba da Isha'i ma ya isa, tunda kiran salla ne zai buɗe shi ya rufe shi, ba sai an duba agogo ba. In ta zauna, kada a ce miƙo mini ludayi, kada a ce duba yaron nan yana kuka, kada a ce je ki sayo magi. Ƙanenta namiji da ke ƙofar gida yana da ƙafa. Na sha ganin yarinya mai kaifin kai tana ja da baya a aji uku, in ka bincika sai ka tarar ba ta taɓa samun minti ashirin a jere ba tare da an kira sunanta ba. Kuma ba sai kin yi boko za ki taimaka mata ba. Ki ce ta rufe littafin ta ba ki labarin abin da aka koya musu yau, kina tankaɗe kina ji. In ta kasa sa ki gane, ita ma ba ta gane ba, sai ta koma. Malaminmu na allo ma ai bayan allon kawai yake nuna mana.

Iyaye maza kuma, in an ce lokacin karatu ne, a rage muryar rediyo, a kai hirar waje. Fitilar sola ƙarama ta fi kuɗin data na wata guda araha a gidaje da yawa.

Akwai kuma yaran da muke kira daƙiƙai alhali jikinsu ne ke da magana. Wani ya fito ko koko bai sha ba, zuwa ƙarfe goma sha ɗaya cikinsa yake saurare ba ni ba. Wata jininta ne ya yi ƙasa, kullum a gajiye. Na taɓa yin shekara guda cur ina faɗa da wani yaro a layin baya saboda ba ya kwafar abin da ke allo daidai, sai ranar da na lura yana ƙanƙance ido yana leƙen littafin na kusa da shi. Ashe allon ne ba ya gani. Na dawo da shi gaba, daga baya aka yi masa tabarau. Har yau in na tuna irin maganganun da na gaya masa sai in ji kunya. Gwajin ido sau ɗaya a shekara, da takardar haruffa a manne a bango da ma'aikacin lafiya ɗaya daga cikin iyayen yara, ba zai gagari kowace ƙungiya ba.

Ku tuna abin da ke jiran su. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, babu tashi, babu waiwaye. A 2024, cikin sama da mutum miliyan 1.8 da aka saki sakamakonsu, sama da miliyan 1.4 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Yaron da bai taɓa zaman rabin awa a kan abu ɗaya ba, ta yaya zai yi awa biyu rana ɗaya? Zama ma koyonsa ake yi. A fara da minti 20, a tashi a sha ruwa a miƙe ƙafa, a dawo. Bayan wata guda a kai 30. Mai koyon noma ba a ba shi kadada ranar farko.

Akwai magana ɗaya da ta rage, mai ɗaci, kuma in ban faɗe ta ba duk abin da na rubuta a sama ya zama wasa. Yara sun san cewa a wasu wurare ana tara kuɗin "taimako" kafin jarrabawar fita. Sun san akwai cibiyoyin da ake kai yaro a rubuta masa amsa a allo. Sun san wasu iyaye da hannunsu suke biya, wasu malamai da hannunsu suke rubutawa. Wani ɗalibina ya taɓa ce mini, ba da raini ba, da zuciya ɗaya: "Malam, ai Baba ya ce an gama magana, za a shigo mana da shi." To wannan yaron, da wane baki zan ce masa ya kashe waya ya rufe littafi ya wahalar da kansa? Mun riga mun gaya masa wahalar ba ta da amfani. Ya fita da kiredit tara, ya je gaban kwamfutar JAMB inda ba mai shigo masa da komai, ya dawo da 140, uban ya ce an yi masa asiri. Ku shugabanni kun fi ni sanin inda ake wannan da inda ba a yi. In ƙungiyar iyaye ta tsaya a gaban yara tun suna aji ɗaya ta ce a makarantar nan ba za a tara ko sisi don wannan ba, kuma suka ga an cika, rabin aikin natsuwar ya samu.

Yarinyar da na fara da labarinta tana aji uku yanzu, ajinsu ɗaya da 'yata. Littafinta bai kai da tsabta ba, duk gefen shafi tambayoyi ne da ta rubuta wa kanta, ta naɗe takardar ta rufe amsa. Ran nan na wuce ta bayan ajinsu lokacin tara, na ji ta tana yi wa ƙawayenta biyu bayanin yadda ƙoda take tace jini, da Hausa, tana kwatance da rariya da tsumman tace koko. Ta yi kuskure a wuri ɗaya, ɗaya daga cikinsu ta ce ba haka ba ne, suka buɗe littafi suka duba. Ban tsaya ba, don kada su gan ni su yi shiru.

Ranku ya daɗe, taronmu na gaba yana tafe a farkon zango. Ina roƙon a sa wannan batu a saman ajanda, kafin katanga, kafin ma'aji. Ina nan inda na saba zama, layin baya kusa da taga. In shugaba ya ba ni minti goma, zan zo da fararen takardu in raba wa iyaye da malamai, kowa ya rubuta abubuwa biyar da aka tattauna a taron da ya wuce, ba tare da sakatare ya buɗe littafinsa ba.

Wassalam.

Naku,
Malamin Bayoloji, kuma uban ɗaliba 'yar aji uku